Yadda Ake Busar da Wayar Inna a Buhun Gero

Kai da ka buɗe shafin nan, na san ciwonka. Kana zaune a majalisa ana musun waya, ana musun abin da ya faru a ƙasashen da ko a mafarki ba ka je ba, kai kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga. Har ka tashi ba wanda ya ce maka, "Kai me ka gani?" To kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda, na yi maka alkawari kafin a gama cirar gyaɗar bana ba mai sayen ko caza a garinku sai ya ji ta bakinka. Ba a buƙatar karatu. Wayar ma ba a buƙatarta, kamar yadda za ka gani.

Hanyar ba tawa ba ce. Ta Ɗantani ce, wani manomin gero da gyaɗa a Ajingi, wanda ya kai matsayin da ko a wurin ɗaurin aure Injiniya ake ce masa, alhali ko injin niƙa bai taɓa tayarwa ba. Shi zan riƙa kawo maka misali a kowane mataki, har da inda ƙafarsa ta zame, don kai ka san inda za ka taka.

Mataki na 1: Nemi benci kusa da soket

Ba a zama masani a gona, domin gero ba ya neman shawara. Tafi inda wayoyi suke taruwa. A Ajingi wurin shi ne shagon cajin Muzammil da ke bakin tasha, inda za ka tarar da wayoyin rabin gari kwance a kan katako, kowace da igiyarta a baki. Akwai benci a ƙofar shagon. Kada ka zauna a tsakiya, tsakiya ta masu sauraro ce. Zauna a ƙarshe, ta wajen ƙofa, yadda duk wayar da za a miƙa wa Muzammil dole ta bi ta gaban hancinka.

Ɗantani ya kama wannan gurbin ne da hujjar ciwon baya, wai sai ya jingina da ƙyaure. Tun ana yi masa sannu har aka saba. Ciwon ya warke, wurin ya zama nasa.

Mataki na 2: Koyi riƙe wayar wani

Da an miƙo waya, tare ta a hanya. Auna nauyinta a tafin hannu. Ƙwanƙwasa bayanta da farce, ka kai kunne kamar mai zaɓen kankana. Shinshina ramin caji. Sannan ka yi shiru, ka ja dogon numfashi, ka tambayi mai ita a hankali, "Wa ya raka ka saye?"

Duk amsar da ya bayar, ka ce, "Allah sarki. To, Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Kada ka taɓa yabon waya. Yabo aikin ɗan kallo ne, kai kushe ka zo yi. In ba ta da nauyi, ka ce babu komai a cikinta. In tana da nauyi, ka ce tsohon yayi ce. In kyamararta uku, biyu ado ne. In sabuwa ce fil, ka ce ai an riga an fito da ƙanwarta, Turawa ma sun daina riƙe wannan. Abu guda za ka kiyaye: kada ka yarda a buɗe maka ita a ce ka gyara wani abu a ciki. Da Ɗantani ya ga an cire makulli an miƙo masa, sai ya kau da kai ya ce, "A'a, ni ba na shiga sirrin mutane." Wannan kalmar kaɗai ta sa wasu suna ganin in za a yi rabon gado shi ya kamata a kira shaida.

Mataki na 3: Ka mallaki ra'ayi tun kafin ka ji labarin

Saurari rediyo da safe, amma kada ka wahalar da kanka da labarin gaba ɗaya. Sunan ƙasar kawai za ka riƙe. In an kawo zancen a majalisa, makamanka biyu ne: "Ai dama na faɗa," da kuma "Akwai abin da ba sa gaya muku." Na biyun ya fi kaifi, don ba mai cewa ka faɗi abin, kowa na tsoron a gane shi kaɗai ne bai sani ba. Kowane labari kuma, yaƙi ne, zaɓe ne, ko wani tauraro aka harba sama, ka lallaɓa ka sauke shi a kan tsadar taki. Nan kowa zai ce maka gaskiya ne.

Sababbin na'urori ma haka. Wata rana Muzammil ya ce, "Injiniya, wannan ƙirƙirarriyar basirar da ake yayi, wai duk abin da ka tambaye ta sai ta ba ka amsa. Ya ka gani?"

Ɗantani ya gyara zaman hularsa. "A tambaye ta ranar da ruwan shuka zai sauka a Kademi. In ta faɗa daidai, ni da ƙafata zan kai mata goro."

"To babur mai caji fa? An ce ba ya shan mai."

"Ba ya shan mai, amma yana shan mutunci. Bari caji ya ƙare maka tsakanin nan da Gaya, ka ga wanda zai goyi wani."

Da wani ya nuna masa agogon hannu mai ƙirga takun mutum, cewa ya yi kakansa ya taka daga Ajingi har Kano da kayan gyaɗa a ka, bai nemi agogo ya yi masa shaida ba. Majalisa ta kwashe da dariya, mai agogon ya ja hannun riga ya rufe abinsa.

Mataki na 4: Taka wayar, a gan ta, kada a ji ta

Masani ba ya zama hannu rabbana. Ɗantani ya samo wata ƙatuwar waya a wajen 'yan gwangwan a kasuwar Gaya, wadda ta daɗe da mutuwa. Ya sa mata rigar fata, kullum tana kife a kan gwiwarsa. In an ce ya kunna a ga hoto, sai ya ce, "Tana hutawa. Ku ba kwa barin waya ta huta, shi ya sa naku ba sa ƙarko."

Wayarsa ta gaskiya kuwa 'yar mitsitsiya ce mai madannai, irin wadda ake tsokana da rakani-kashi. An ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo, ƙararta kuma tana iya tashin unguwa. Wannan a aljihun ciki take zama, a kashe. Yakan kashe ta in zai fita da niyyar kunnawa in ya dawo, sai a wayi gari bai tuna ba. In wani ya ce, "Injiniya, na yi ta kiranka ba ta shiga," sai ya ce, "Sabis ɗinku ne." Ya gwammace a ce ba a samunsa da a ji kukan abar nan a gaban shagon Muzammil. Riƙe wannan matakin da kyau, za mu dawo kansa.

Mataki na 5: Gwada iliminka a gida

Kafin ka taɓa na waje, fara da na gida, su ba sa kai ƙara. Wayar Sadiya, matar Ɗantani, a hannunsa ta cika ranar da ya wanke mata ciki da fetur. Ta Yaya Inuwa, babban wansa, ya buɗe ta da wuƙa don ya ga ta inda sabis yake shiga, har yau ba ta rufu ba. Inuwa ya koma rediyo, ya ce shi ya huta. Ban da tasa da ke ɓoye, waya ɗaya ta rage da rai a gidan, ta mahaifiyarsu, Inna Barira.

Wannan wayar ba ta musu ba ce. Hindatu ce ta aiko da ita, autar Inna, wadda aure ya kai Fatakwal. Cikinta na fari ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, saboda haka ba ta zo goyon ciki gida ba kamar yadda aka saba. Ta ce, "Inna, ranar da abin ya tashi zan kira ki. Ko ba kya kusa, in dai ina jin muryarki ba zan ji tsoro ba." Mijinta Abdulmuttalib kuma ya yi alkawari, in mace ce sunan Inna za a sa. Tun daga nan Inna ta ƙulle wayar a bakin zani, da ita take tuƙa tuwo, da ita take kwana. In ta ji shiru ya yi yawa sai ta kwance ta duba ko tana nan da rai. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce ita duk abin da ta roƙa a bana bai wuce ta amsa kiran nan ba.

Ɗantani ya ga ƙullin zani bai dace da gidan injiniya ba.

"Inna, zani yana toshe sabis. Shi sabis sama yake bi, kuma yana son sanyi."

"To ina zan kai ta, Ɗantani? Kan bishiya?"

Ya kafa ƙusa a bango daidai saman randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ya rataye ta. Ta yi kwanaki lafiya lau. Ran nan bayan la'asar, Inna ta ɗaga faifai ke nan za ta ɗebi ruwa, saƙon talla ya shigo. Wayar ta yi rawa a kan ƙusa, ta ƙara rawa, sai tsulum a cikin randa.

Mataki na 6: Kada ka taɓa cewa ban sani ba

Inna ta tsamo ta da moɗa, fuskar wayar baƙa ƙirin. Tsohuwa ta ce, "Ɗantani, ta mutu?"

"Suma ta yi, Inna."

Ka ga gwani. Ya tsorata, amma bakinsa bai nuna ba. Ya tuna ya taɓa ji a majalisa wai Turawa a shinkafa suke binne waya in ta jiƙe. Shinkafa babu a gidan. Amma in ka duba da idon ilimi, me shinkafa ta fi gero da shi? Ƙwayar gero ta fi ƙanƙanta, ta fi sanin lungu, ga ta 'yar gida.

Bai gaya wa Inna ba, don ya san cewa za ta yi a kai wa Muzammil. Shi kuwa gara ƙasa ta tsage ya shige da ya miƙa wa Muzammil waya a gaban mutane ya ce ta fi ƙarfinsa. Sai ya ce mata zai sa ta a na'ura ta kwana. Ya faki idon mutanen gida ya shiga ɗakin hatsi, ya kwance bakin buhu guda, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya saki wayar a tsakiyar gero, ya mayar ya ɗaure. Bai sa alama ba, bai gaya wa kowa ba.

Da ya fito Inna ta tare shi. "In yarinyar nan ta kira fa?"

"Ai suna da lambata. Tawa za su kira."

Koma mataki na huɗu ka sake karantawa.

Mataki na 7: Ka riƙa sanin ranar kasuwa

Wannan matakin ba ya cikin tsarin Ɗantani, ni na ƙara shi. Mutumin da ya san abin da ake ciki a bayan teku ya manta washegari kasuwar Ajingi take ci. Ya tashi da hantsi, ya yi miƙa, ya nufi ɗakin hatsi, ya tarar da shi a share tas, sai wata kaza tana tsince-tsince. Yaya Inuwa ya yi sammako, ya loda buhunan a motar a-kori-kura.

Ya same shi a 'yan hatsi yana karkaɗe hannu.

"Yaya, geron nan fa?"

"An sayar, alhamdulillahi. Wani dillali ne ya kwashe, tuni ya kama hanyar Gaya."

"Duka?"

"Duka. Me ya faru, kewarsa kake yi?"

A nan mai ƙaramin sani zai fashe da kuka ya faɗi gaskiya, a taru a taya shi nema. Kai kada ka soma. Ɗantani ya ce, "A'a, so nake in bi diddigin yadda kasuwar take tafiya," ya tare ɗan acaɓa.

Mataki na 8: Yi nema, amma ka kira shi bincike

A 'yan hatsin Gaya buhunan gero sun fi a ƙirga, kuma duk kamarsu ɗaya. Dillalin ya riga ya rarraba kayansa ya yi gaba. Ɗantani ya naɗe hannun riga ya shiga tura hannu a buhunan mutane ɗaya bayan ɗaya. In an ce, "Malam, lafiya?" sai ya ce danshi yake aunawa, akwai wani sabon bincike da aka fitar. Wasu har kwance masa suke yi da kansu, suna tambayar sakamako. Rana ta take, ƙaiƙayi ya shiga wuyansa da hammatarsa, yana susa yana ci gaba.

Tsoro ya kama shi na gaske. Fuskar Inna yake gani, da moɗa a hannunta. Ya sa hannu a aljihun ciki, ya taɓa 'yar wayarsa, yatsansa ya hau kan madannin kunnawa. Sai ga wani mutumin Kademi ya ƙwala masa kira: "A'a, Injiniya! Allah ne ya kawo ka. Duba mini wannan da na saya yanzu." Kafin ya ankara mutane sun kewaye shi.

Ka lura da abin da gwani ya yi. Ya zaro hannunsa daga aljihu ba komai, ya karɓi wayar mutumin, ya auna, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce, "Wa ya raka ka saye?" Daga nan aka gangara kan batir, aka hau babur mai caji, aka sauka a tsadar taki. Ya yi ta bayani har inuwa ta juya, wani ma ya sayo masa zoɓo mai sanyi. Tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa yin lacca mai armashin ta ranar ba, ga shi kuwa ko kurɓar zoɓon bai yi ba.

Mataki na 9: Shirya bayani kafin ka shiga gida

Ya koma Ajingi gab da magariba, fari fat da ƙurar gero, hannu ba komai. A hanya ya tsara abin da zai faɗa: na'urar ta nemi ƙarin kwana, haka manyan gyare-gyare suke. Tun daga zaure ya ji guɗa.

Tsakar gida cike take da mata. Inna na zaune a tabarma, wayarta a cinya, fuskar wayar tana haske. Kusa da ita wata baƙuwa ce da ƙwaryar fura a gabanta.

"Hindatu ta sauka," in ji Sadiya. "Mace. Duk unguwa an ji, kai kaɗai muke ta nema."

Baƙuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai geron? Sannu, Malam. Ni ce Lauratu mai fura, daga Gaya. Buhu na saya da safe, na zazzage zan kai surfe, sai ga abu ya faɗo. Na hure, na danna, ta kawo wuta. Wallahi ban ajiye ba ta hau kuka. Ina ɗauka sai na ji yarinya tana cewa, 'Inna, Inna, tun ɗazu nake kira, zan mutu.' To ni ma na haifa, Malam. Mai irin wannan muryar ba a ce mata ba ita ba ce. Na ce, 'Na'am, ga ni, ba inda za ki. Kama ƙarfen gadon, yi salati.' Ta ce, 'Inna, muryarki ta canja.' Na ce, 'Mura ce, yi nishi.' Ina tsugune a kan geron nan ina ta yi mata, har na ji kukan jaririya. Sai da mijin ya karɓa sannan na ce masa, bawan Allah, ni fa ban san ku ba, ina ne gidan mai wayar nan?"

Matan suka kwashe da dariya, wasu suna share ido da gefen mayafi. Lauratu ta ƙara da cewa mijin ya ce sun kira lambar yayanta har sun gaji, a kashe take.

Ɗantani ya buɗe baki zai ce sabis ɗinsu ne, ya dubi Inna, ya fasa. Ya so a ce ta yi masa faɗa, ta jefe shi da moɗa, ta kira shi da duk sunayen da take kiransa yana yaro. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Tun safe ina zaune a nan, hannuna ba komai," ta ce a hankali. "'Yata ta kira ni, wata ce ta amsa."

Sannan ta miƙa wa Sadiya wayar ta ce a kira mata Abdulmuttalib. Da ya ɗauka ta yi masa barka, ta sa albarka, ta ce, "Alkawarin sunan nan da ka yi mini, na yafe. Wadda ta amsa, sunanta za ku sa. Lauratu."

Lauratu ta ce haba Inna, ta rantse, ta roƙa. Inna ta ce ta gama magana, a dama furar nan a ba baƙi. Ɗantani yana tsaye a bakin zaure yana susar wuya, kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba. A duk matan nan ba wadda ta tambaye shi me ya gani.

Mataki na 10: Mai da faɗuwa nasara

Abin da ya rage yanzu shi ne ka tsira da sunanka, kuma ba wuya. Wayar ta bushe ko ba ta bushe ba? Ta bushe. Ta yi aiki? Ta yi. To shi ke nan. Ɗantani ya koma kan bencinsa ya ce, "Ai dama na faɗa, gero ya fi shinkafa." Labari ya zaga har Gaya, aka ce masu fura sun koma lalube buhu da kyau ko za a dace. Muzammil ma ya ajiye kwanon gero a shago saboda ko-ta-kwana. Sunan Injiniya ya ƙara yin sama.

Inna kuwa ta haɗa kayanta, da daddawa da kuka da kanwa, ta tafi Fatakwal wankan jego. Da ya raka ta tasha sai ta dubi aljihunsa na ciki ta kau da kai.

Ran nan majalisa ta cika maƙil, Ɗantani yana tsakiyar bayanin dalilin da ya sa wayar da ake ninkewa biyu ba za ta yi ƙarko ba, sai wata ƙara ta tashi daga ƙirjinsa, mai kaifi, ta rakani-kashi tsantsa. Kowa ya juyo. Ƙatuwar wayar tana kife a gwiwarsa tana hutawa, saboda haka ba ita ba ce.

Ƙa'ida a nan a fili take: ka waiga ka harari na kusa da kai, ka ce wa ya shigo mana da wannan abar. Ɗantani ya san ƙa'idar, shi ya kafa ta. Amma tun ranar Lauratu bai sake kashe 'yar wayar ba. Ya sa hannu ya zaro ta, da robarta da komai, a gaban Muzammil da mai agogo da duk wanda ya taɓa yi wa ta'aziyyar waya, ya kara a kunne.

"Na'am, Inna. Lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce, ana jiyo kukan jaririya a bayanta. "Ba komai. Gwadawa na yi in ji ko za ka ɗauka."

Majalisa ta yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Ɗantani ko waigawa bai yi ba. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa ya ce, "Ina jin ki, Inna. Kara wa Lauratu in ji muryarta."

Ba ruwana

Duk abin da ya same ka sanadin bin matakan nan, babu hannuna a ciki, kai ka jawo. In wayarka ta tafi Gaya a buhu, in injin surfe ya riga ka kaiwa gare ta, in ƙaiƙayi ya hana ka zama, in an sa wa 'yar ƙanwarka sunan mai furar da ba ku taɓa gani ba, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Ban ce gero yana gyara waya ba, ban kuma ce ba ya gyarawa ba. Dawa da masara da wake kuwa ba a gwada su ba, wanda ya gwada ya gwada don kansa. Alkawarin da na yi maka a farko na janye shi. Kada ka zo gidana, kada ka aiko, kada kuma ka kira ni. Wayata a kunne take, amma ba don kai ba.